Mintuna Hamsin da Suka Ɓata a Sama

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Sauraron Koken Fasinjoji, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama
Daga: 'Yar fasinja mai zama a kujera ta 4A
Kwanan wata: 19 ga Yuni

Game da: Tsawaitar lokacin tafiyar jirgin safiyar Talata daga filin jirgin garinmu zuwa na babban birnin yankinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da wannan koke a madadin mahaifina, tsohon ma'aikacin awon ƙasa, wanda nake rakawa asibiti duk bayan mako uku domin ƙarin maganin ciwon daji. Ƙarfe sha ɗaya ake ɗaura masa. Maganin da sunansa ake haɗa shi, idan lokaci ya wuce zubarwa ake yi. Bayansa ba ya jure awa tara a mota, shi ya sa muke hawa jirgi.

1. Tsakanin filayen biyu kilomita 410 ne. Shekara guda muna tashi ƙarfe tara, mu sauka tara da minti hamsin da biyar. Baba mutum ne da ko shayi sai ya auna, kuma kowace tafiya tana rubuce a ɗan littafinsa.

2. Ranar 7 ga Mayu mun yi awa ɗaya da minti arba'in da biyar a sama. Matuƙi ya ce yanayi ne. Sama kuwa tas take, ko gajimare ɗaya ban gani ba. Baba ya lura rana ta bar tagarmu ta koma ta ɗaya ɓangaren har sau uku, ya kuma ƙirga gada guda sau uku. Mun isa asibiti an riga an zubar da maganin.

3. Na kai kuka wurin jami'ar kamfanin jirgin. Ta rubuta a bayan wata tsohuwar takarda, ta yi mini murmushi.

4. Ranar 28 ga Mayu abin ya maimaitu. Da na duba tikitin 18 ga Yuni, sai na ga an mayar da lokacin sauka sha ɗaya saura kwata. Wato a takarda yanzu jirgin bai taɓa makara ba. Ranka ya daɗe, garuruwan nan ba su matsa ba.

5. A duka ranakun ukun, da muka sauka mun tarar da wani ƙaramin farin jirgi ya riga mu, motoci sun kewaye shi. Ban ce don shi ake shawagi da mu ba, domin ba ni da hujja. Amma raina bai kwanta ba, kuma na gaji da a mayar da ni wadda ba ta san agogo ba.

Jiya likita ya tausaya ya jira mu, amma ya ce idan muka sake makara ranar 9 ga Yuli, za a ba wani gurbin Baba. Ina jin tsoro ƙwarai.

Don haka ina roƙon a binciki bayanan hasumiyar kula da jirage ta filin da muke sauka na waɗannan ranaku, a sanar da ni a rubuce abin da ke tsare mu a sama, kuma a maido da jirgin kan lokacinsa kafin ranar.

Na haɗo da kwafin shafuka uku na littafin Baba. Za a ga shafin ƙarshe da hannuna aka rubuta shi. Hannunsa ya daina riƙe biro, sai ya miƙo mini agogonsa da littafin.

Ina jiran amsarku cikin ladabi da biyayya.

Taka mai girmamawa,
(sa hannu)
Malamar firamare, babbar 'yarsa