Rasuwar Baba Mai-Igiya da Gwajin Layin Masu Wanki

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Masu Haƙa Rijiyar Burtsatse da Dillalan Kayan Famfo ta samu labarin rasuwar ubanta kuma babban mashawarcinta, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, Alhaji Injiniya, wanda aka fi sani da Baba Mai-Igiya, da yammacin ranar Alhamis, bayan ciwon ƙirji da ya kama shi a bakin aiki. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara talatin da ɗaya marigayi ya yi yana tilasta mana aikin da, tsakani da Allah, ba ma so, wato gwajin jan ruwa. Mu 'yan kasuwa ne, da ruwa ya yi tsartuwa sama sai mu naɗe kaya mu ce wa mai gida Allah Ya sanya albarka. Shi kuwa sai ya sa a kunna famfo kwana uku ba tsayawa, ya ɗauki igiyarsa mai ƙara idan bakinta ya taɓa ruwa, ya bi rijiyoyin maƙwabta yana zura ta, yana rubuta nawa ruwa ya sauka kuma a minti na nawa. Da waɗannan lambobi yake zana taswirar abin da ido bai taɓa gani ba: inda yashi mai ruwa ya yi kauri, inda laka ta tare hanya, da gefen da ruwan yake gangarawa. Mun sha tambayarsa ko da rauhanai yake aiki, sai ya ce rauhanansa agogo ne da haƙuri, na biyun kuwa bai taɓa ganin an kawo shi kasuwarmu ba.

Ƙungiya ba za ta manta ranar da muka yi gwaji a bayan idonsa ba. Kwana biyu muna zuƙa, ruwa bai sauka ko taƙi ɗaya ba, har muka fara yi wa juna barka, wai mun faɗa kan teku. Da ya zo ko leƙa rijiyar bai yi ba, tiyo ya bi har bakinsa, ya tarar muna zubar da ruwan taku biyar daga ramin, yana nutsewa cikin yashi yana komawa inda ya fito. Ya ce tun shekaranjiya da ruwa ɗaya muke ta gaisawa.

Aikinsa na ƙarshe shi ne sabuwar rijiyar masana'antar ƙanƙara ta Mai Girma Shugaban wannan ƙungiya. Masu wanki na layin baya, waɗanda rijiyoyi goma sha ɗaya ke ci da iyalansu, sun kawo kuka cewa za ta shanye musu ruwa. Mai Girma Shugaba ya ce tasa mita tamanin ce, nasu ko sha biyar ba su kai ba, ina ruwan biri da gada. Marigayi ya ce zurfi ba katanga ba ne, sai an ga ko akwai laka a tsakani. A rana ta biyu ta gwajin ya rubuta da fensir a littafinsa inda yake hasashen ruwan kowace rijiya zai tsaya, da yadda zai dawo bayan an kashe famfo. A rana ta uku, saura awa guda a kashe, ya dafe ƙirji ya zauna.

Duk muka ɗunguma asibiti muka manta da rijiya, alhali auna dawowar ruwa shi ne rabin gwajin, kuma ruwa ba ya jiran kowa. Sai Sarkin Wanki, dattijon da ya kwana uku yana bin marigayi da ido, ya tsaya aka kashe famfo a kan lokaci, ya ɗauki igiyar, ya bi rijiyoyin yana rubuta awo a bayan kwalin sabulu da alƙalamin da yake yi wa tufafi shaida. Da babbar 'yar marigayi, Malama mai koyar da lissafi, ta ɗora kwalin a gefen littafin mahaifinta, bambancin bai wuce faɗin yatsa uku ba. Har yau muna juya abin a tsakaninmu, mun kasa gane ta ina marigayi ya leƙa ƙarƙashin ƙasa.

A madadin Mai Girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan majalisar zartarwa da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa Hajiya, da Malama da ƙannenta, da jikoki da dangi baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa aikin da ya yi wa masu ƙishi ya zame masa sadaka mai gudana, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Muna kuma sanar da jama'a cewa awon ya tabbatar ruwa ɗaya ne a ƙarƙashin layin, don haka majalisa ta zartar da abin da marigayi ya rubuta a shafin ƙarshe: famfon masana'anta ba zai wuce awa shida a rana ba. Mai Girma Shugaba ya ɗan daɗe yana neman tabaransa, amma ya sa hannu.

Alhaji Ba-Ragi
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Masu Haƙa Rijiyar Burtsatse da Dillalan Kayan Famfo