Tabarmar tana ƙuguna

Yaya Kalolaine,

Motar makaranta da za ta kai ajinmu filin jirgi na bakin ƙofa, direba sai danna hon yake kamar jirgin Auckland zai tashi ya bar mu. Ta ƙarƙashin ƙofa na turo miki wannan, tunda a al'adarmu ƙani namiji ba ya taka ɗakin yayarsa.

Jiya da kika miƙo min ta'ovala, tabarmar gargajiyarmu ta ɗaurawa a ƙugu, wadda kika yi wata biyu kina saƙa min, na ce miki a gaban abokina Taniela, "Wa zai ɗaura tabarma a ƙugu a titin Auckland? So kike 'yan can su mai da ni abin dariya?" Sai kawai kika koma ɗaki da ita. Da zagina kika yi da ya fi min sauƙi. Mama ta ce ko alade ya san hannun da ke fasa masa kwakwa.

Da safen nan na buɗe jaka zan sa tawul, sai ga ta a sama, a ninke, har da igiyar ɗaurinta.

Ki yi haƙuri, Yaya. Na manta bara ajinku ne zai je, guguwa ta hana, amma ba ki taɓa nuna min a fuska ba.

Yanzu haka tana ƙuguna. Taniela ya leƙo ta taga ya kwashe da dariya, can sai ya ruga gida ɗauko tasa. Rabin hon ɗin nan saboda shi ake yi.

Ƙaninki mai dogon baki,
Semisi