Inda Inna Take Cizon Zare

Zuwa ga Yayata, abar girmamawata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah Ya ƙara sauƙi. Ki gafarce ni da na kutso miki haka bayan shirun shekara biyu, tun rasuwar Inna. Na san ba ni da bakin magana, amma buƙata ce ta tsayar da ni a ƙofarki, kaina a sunkuye.

Autata ta sauka lafiya, an samu 'ya mace. Jaririyar akwai rigima, sai maijegon ta roƙe ni waƙar da Inna take lallashinsu da ita suna ƙanana. Na ɗauko littafina na waƙoƙin Inna, na gyara murya, na rera. Ban gama baiti na biyu ba ta tare ni: "Baba, ka yi haƙuri. Wannan ta fi ta Kaka tsari, amma ba ita ba ce."

Yaya, tun ranar nake ganin ɗakin nan namu. Keken ɗinki a gindin taga, gwangwanin maɓallai a gefe, mu biyu a ƙarƙashin tebur muna rigima kan ƙyallaye. Ƙafar Inna ce gangarta, almakashi kuwa shi yake mata amshi. Mata su zo karɓar ɗinki, su manta da girkin da suka ɗora. Shekara casa'in da ɗaya ta yi a duniya, kuma cikin 'ya'ya da jikoki babu wanda bai samu waƙarsa ba. Ko da idonta ya tafi, ai kin tuna, zama take ta taka keken babu allura babu yadi, don kawai muryarta ta samu abin hawa.

Ni kuwa, da na yi karatu na ƙwallafa rai ga ma'aunin waƙa, sai na shiga rubuta waƙoƙinta ina gyarawa. Layi na uku na kowane baiti gajere ne, ni kuma na ciccike su da kalmomina. Dariya kawai ta yi, ta ce, "Jan Biro, ka sa wa waƙata takalmi, yanzu ba ta iya gudu." Ke ce ba ki yi dariya ba. Ranar da muka rabu kin ce na binne muryar Inna a ƙarƙashin tawa. Na yi fushi na kwashe keken da littafin na tafi.

Jiya na yaye zanen da na rufe keken da shi, na zuba masa mai, na zauna na taka ina bin littafin. Duk inda na zo layi na uku sai ƙafata ta tsaya da kanta, bakina kuwa yana ta zuba shi kaɗai. A nan na gane. Nan ne Inna take tsayar da keke, ta sunkuya ta ciji zare, mu kuma mu ɗauke numfashi muna jiran ta ɗago. Shekara talatin ina alfahari da na toshe wurin da ta bar mana mu jira ta.

Kalmominta na asali sun ɓace mini, nawa sun danne su. Ke kaɗai kika rage da ke riƙe da su yadda suka fito daga bakinta. Ina roƙonki, don darajar wadda ta goya mu, ki rubuto mini waƙar lallashin nan da hannunki. Kada ki daidaita komai. Inda take cizon zare, ki bar mini fili a takardar, na yi alkawarin ba zan sa biro a wurin ba.

Ki taimaka amsarki ta zo cikin makon nan, domin jaririyar kuka take, uwarta kuma ta hana ni rera tawa.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Jan Biro