Gado Ɗaya, Mutum Uku

Tsibirin Skarv, 6 ga Maris

Eilif, abokin gadona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka baro mutanen gida lafiya. Ni ne Halvard, sabon mai walda da aka haɗa ku a ɗaki na tara, kai sati biyu, ni sati biyu. Tunda jirgin ruwan da zai sauke ka shi zai kwashe ni, na ce bari in bar maka takarda a kan matashi.

Na cinye cukunka, ka yi haƙuri, zan kawo wani. Amma don Allah mu nawa ne a ɗakin nan? Takalman aiki ƙafa uku na gani a kabad, na ukun an rubuta Jostein a ciki. Sunan yana kan allon tashar jirgi ma, inda kowa ke rataya ɗan ƙarfe mai sunansa a gefen tsibiri in ya sauka, ya maida shi gefen gida in zai tafi. Nasa na gefen tsibiri, alhali babu wani Jostein a wurin cin abinci. In fitar da takalman?

Naka mai munshari,
Halvard

20 ga Maris

Halvard,

Ina gaisuwa. Na ga takardarka. Ka bar takalman inda suke. Ƙarfen kuwa, a nan ba mai taɓa na wani, ko shugaban aiki. Mutum da hannunsa yake maida kansa gida.

Tagar tana yoyo, ka riƙa sa tsumma.

Ka huta lafiya.
Eilif

3 ga Afrilu

Dattijo,

Sannu da hanya, da fatan teku ba ta jijjiga ka da yawa ba. Yau ba wasa a bakina. Ranar da na iso na tarar da takalman nan jiƙe sharkaf. Na ce yoyon taga ne, na jingina su jikin hitar ɗumama ɗaki suka bushe ƙayau. Ranar Lahadi da safe sai ga su a jiƙe, har da ciyawar teku a igiyoyinsu. Na tambayi Borghild mai girki, ta ajiye ludayi ta ce, "Kai dai ci miyarka, ɗan nema. Ka tambayi mai ɗakin."

Jirgin kayan abinci ya kawo maka wasiƙa daga wata Gunvor. Da zan sa ta a aljihun tebur na ga irinta guda huɗu, ko ɗaya ba a buɗe ba. Eilif, tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai na ji daga gare ka.
Halvard

17 ga Afrilu

Halvard,

Ina gaisuwa. Kana da haƙƙin sani, tunda a gadonsa kake kwana.

Shekara shida ni da Jostein muna canjin gadon nan. Ban taɓa zama da shi fiye da minti biyar ɗin tasha ba, amma na san shi fiye da ƙanena. Yakan bar min kofi mai zafi a filas, ni in bar masa busasshen kifi. Bara 'yata za ta yi aure, na roƙe shi ya riƙe min satina. A satin nan igiyar ruwa ta share shi daga kan katangar tare ruwan teku da muke ginawa. Ina cin kek a wurin biki lokacin. Ba a ga gawarsa ba.

Gunvor matarsa ce. Kayansa take so, na sani ko ban buɗe ba. Ba zan iya tsayawa a ƙofarta in ce ni ya kamata ruwa ya ci ba. Shekara guda ke nan ina busar da takalman nan.

Eilif

1 ga Mayu

Eilif,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na karanta sau uku. Ni ba malamin coci ba ne, ƙarfe na iya haɗawa, amma ga abin da na gani. Mutumin nan ya riƙe maka satinka, kuma har yau ba ka zo ka karɓe shi ba. Kai ne abokin canjinsa. In ba kai ka sallame shi ba, wa zai yi? Na sa takalman a leda, suna bakin ƙofa.

Naka,
Halvard

Bodø, 19 ga Mayu

Halvard,

Ina gaisuwa. Jirgin kayan abinci zai kawo maka wannan. Na karya ƙa'ida, na cire ƙarfen Jostein da hannuna, kowa na kallo.

Na je gidansa a nan garin Bodø, da takalman da ƙarfen. Tun kafin in gama magana Gunvor ta ce, "Haba Eilif, ai na sani. Ya kira ni ranar yana murna, wai shekara shida ba ka taɓa roƙonsa komai ba sai yau. Shi na yi ta rubuto maka." Ta rataya ƙarfen a ƙusar da yake rataya hularsa. Na yi kuka a kicin ɗinta kamar yaro, ita ta ba ni tsumma.

Na gode.
Eilif

29 ga Mayu

Dattijo,

Barka da dawowa. Kabad ya bushe, ga cukunka a taga. Terje mai jirgi ya ce in gaya maka, ranar da ka tafi takardar fasinjoji ta ce ku goma sha biyu ne, shi kuwa da ya ƙirga kawuna goma sha uku ya samu. Ya ce bai sake ƙirgawa ba, ya dai tada inji.

Ka kwana lafiya.
Halvard