Reshen Mangwaron da Ya Tsallaka Katanga

Manang Perpetua, yayarmu mai ba da shawara a jarida, don Allah ki taimake ni. Na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina, kuma babu wanda zan faɗa wa a garinmu labarin bai riga ni isa kasuwa ba.

Ni tsohon direban motar haya ne a nan yankin Ilocos. Na ajiye sitiyari, matata ta daɗe da rasuwa, yara duk sun watse. Abin da ya rage mini gida ne, da ciwon gwiwa, da bishiyar mangwaro. Reshe ɗaya ya tsallaka katanga ya shiga gidan maƙwabciyata Felisa, wadda ita ma mijinta ya rasu. Kuma munafukin reshen ya fi duk sauran 'ya'ya.

Kowa ya san doka: mangwaron da ya faɗo da kansa a filinka, naka ne. To ni dai ban taɓa ganin mangwaron da yake faɗowa da kansa daidai lokacin da gora ta leƙo ta saman katanga ba. Sai na kai ƙara ofishin unguwa, tunda ba a zuwa kotu da maƙwabci sai an fara zaman sulhu a gaban Kapitan, shugaban unguwa.

Ranar zaman farko Felisa ta zo da wainar shinkafa da kwalbar ɗanyen mangwaro jiƙaƙƙe da gishiri, wai kada dattawa su yi shari'a da yunwa. Ta ce iska ce, ita kuma ba ta da iko da iska. Kapitan ya ci, magatakarda ta ci, ni ma na ci, kuma wallahi tun a loma ta farko na gane mangwarona. Amma Manang, Felisa ta zauna tana fuskantata, tana kallona ido cikin ido tana ce mini tsoho marowaci. Duk zamanmu na maƙwabtaka ba ta taɓa kallona haka ba. Na koma gida ina murmushi ni kaɗai kamar wanda ya zautu.

Daga nan na lalace. Kapitan ya ce mu raba 'ya'yan reshen biyu, na ce ban yarda ba, don in na yarda zama ya ƙare. Aka miƙa mu ga dattawa uku na kwamitin sulhu. Felisa ta ce za ta riƙa aiko mini da kwalbar jiƙaƙƙen mangwaro, na ce kwalbar ta yi ƙanƙanta. Kowane zama sai na yi aski, na goge riga, na fesa turare.

To wa'adin sulhu ya cika. Makon jiya suka miƙo mini takardar izinin zuwa kotu, wai sulhu ya gagara. Ɗana Rodel da ke aiki a jirgin ruwa ya ji labari, ya turo mini lauya, shi kuma lauyan yana cewa a mai da maganar ta koma ƙarar sata. Felisa ta aiko a gaya mini tunda abin ya kai haka, za ta nemi a sare reshen kowa ya huta. Ranar Lahadi a coci ta canja benci.

Ina sonta, ga shi na faɗa. Shin dole ne in je kotun? In na je, ana zama kusa da juna? Za a iya roƙon alƙali ya yi ta ɗaga shari'ar? Ko akwai yadda mutum zai faɗi a shari'a da gangan ba tare da an gane ba?

Tsohon Direba Mai Mangwaro

Manong Direba, yayana,

Na karanta wasiƙarka har sai da na ajiye tabarau na share hawayen dariya. Amma bari in fara kwantar maka da hankali: takardar nan izini ce, ba umarni ba. Ta buɗe maka ƙofar kotu ne kawai, ba ta tura ka ciki ba. In ka ajiye ta a aljihu, babu ɗan sandan da zai zo nemanka.

Kotu kuma ba ofishin Kapitan ba ce. Babu wainar shinkafa. Kai kana wancan gefe, ita tana wannan, lauyoyi ne za su yi magana, kuma wanda za ta kalla shi ne alƙali. Ɗaga shari'a kam za ka samu har ka ƙoshi ba tare da ka roƙa ba, sai dai a kowane zama za ta ƙara tsanarka ne. Wanda ya faɗi yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama, daga can zuwa ta samanta, gwiwarka kuwa ba na jin za ta kai.

Alƙali da hujja yake aiki, ba da zato ba. Ka ga gora, amma ka ga hannun da ya riƙe ta? Hujjar da ta rage kuma kun cinye ta, kai da Kapitan. Sannan za a rantsar da kai, lauyanta ya tambaye ka dalilin da ya sa ka ƙi duk tayin sulhu. Ka zaɓa: ko ka yi ƙarya bayan rantsuwa, wanda laifi ne, ko ka bayyana soyayyarka magatakarda na rubutawa.

Maganar sata kuwa, ka sallami lauyan nan yau. Rikicin dukiya tsakaninku ne ku biyu, amma ƙarar laifi tana shiga hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma janye ta ba sai yadda ka ga dama ba.

Yanzu ka tsaya a inda Felisa take. Wataƙila ta taimaka wa iska, ban wanke ta ba. Amma kai kana shan daɗin zama, ita kuwa sunanta ake ja a unguwa, a gaban 'ya'yanta da jikokinta. Kuma doka ta ba ta damar neman a sare reshen da ya shigo mata. Wannan damar tana hannunta tun ranar farko, ba ta taɓa ambata ba sai da ta ji kalmar sata. Macen da ke son a rabu da ita ba ta kwana tana yi wa mai ƙararta waina. Ka yi tunani a kan wannan.

Ka koma wurin Kapitan ka ce ka yarda da sulhu, ka ba ta haƙuri a gaban dattawan da suka ji zargin. A rubuta cewa kai za ka riƙa tsinko mangwaron da hannunka ka kai mata har ƙofa. Yarjejeniyar sulhu in ta zauna tana da ƙarfin hukuncin kotu, ka ga ke nan doka da kanta za ta tilasta maka zuwa gidanta duk kakar mangwaro. Abin da za ka faɗa in ta buɗe ƙofar, wannan babu lauyan da zai faɗa maka shi.

Allah ya bar reshen a inda yake, ya kuma ba ka bakin magana. A rage turaren.

Manang Perpetua