Faifan Sani Babu Mawaƙi

Yaya Idi,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ƙafar Inna? Mu a Agege lafiya lau, sai abin da bakina ya jawo mini.

Ɗanka Sani ya fitar da faifansa na farko ba kamfani, shi ya busa ƙaho, shi ya kaɗa jita da kalangu. Tun ban saurara ba na tara mahautan kwata, na ce musu za su ji sunayensu a ciki. Muka zauna jiran mawaƙi ya kama sunayen mutane. Kiɗa mai sanyi ya yi ta tafiya har ya ƙare, ba muryar kowa. Sarkin Pawa ya ce, "Bala, juya bayan, ƙila can muke." Bayan ma haka.

Sun ce in mayar da shi riƙon wuƙa, kai ma ka rubuto in turo shi gida. Yaya, ka yi haƙuri, ba zan yi ba. Ban gane kiɗan ba, amma wanda ya tsaya aji uku a firamare irina, me ya taɓa ganewa? Yaron zai ci gaba da busa.

Gai da Inna da yara. Ku sa ni a addu'a, don na riga na yi wa Sarkin Pawa alkawarin waƙa, kuma ni zan rera ta ranar sunan jikansa. Ka dai san muryata.

Ƙaninka,
Bala