Motar Jamus Ta Tashi

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafarka? Yaya Inna da ƙannena?

Na sayi tsohuwar motar Jamus. Da ta zo, tari take kamar Kawu, amma na juye baƙin mai, na sauya fulogi da birki, yadda ka koya mini a garejinka. Tun da ɗakin haya ya suɓuce mini a cikinta nake kwana, amma kujerun da laushi. Kada Inna ta ji. Wani mai shago ya ce in ta gyaru, ni zan riƙa kai masa kaya.

Jiya bugu ɗaya ta tashi, Baba. Na so a ce kana kusa ka ji. A sa mini albarka.

Ɗanka,
Ƙaramin Bakanike